Leda Uku a Jakar Kaka Adisa

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance. Ta sayo garin koko a wani babban kanti, irin mai sanyin nan da ake tura keke a ciki, ta juya bayan ledar tana karanta mini abin da aka rubuta da Turanci tana fassarawa. Wai tarihin kamfanin ne, layi huɗu kacal: wata mata a unguwar Nima ta birnin Akra ta fara da tukunya ɗaya, abu ya yi albarka, yau ana shan kokonta har ƙasashen waje. A gaban ledar an zana wata doguwar mace riƙe da ludayi tana murmushi. Mma, wadda ake nufi, gajera ce, kuma ban taɓa ganin haƙoranta a bakin tukunya ba. Na karɓi ledar na jujjuya, na ga lambobin da injin ya buga a gindinta, sai na ji tsohuwar faɗuwar gaban nan ta dawo mini kamar jiya aka yi.

Mma yayar mahaifiyata ce, ita ta riƙe ni tun ban san dama da hagu ba. Gidanmu yana cikin lungun da ke gangarawa babbar gota, wato magudanar ruwa, inda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Yanzu an rushe shi an ɗora bene, kuma yaran da ke ciki ba su san an taɓa shanya ko hatsi ɗaya a wurin ba. A wancan lokaci kafin a idar da sallar asuba mun riga mun ɗauki jiƙaƙƙen gero mun yi layi a wajen injin niƙa, wanda duk unguwa ke kira nika-nika. Ƙararsa ce agogonmu. Citta da kanumfari da masoro da barkono Mma ce ke auna su da hannunta, ta juya mana baya, don kada mu ga yawan abin da take zubawa. A tace, a bar gasara ta kwanta ta yi tsami, a dama. Direbobin tashar Tudu da makanikai masu tafiya Abossey Okai da malaman makaranta duk a bencinta suke karyawa, wani na magana da Hausa, wani da Twi, wani da Ga, kowa kuma ya san ba a yi wa Mma gardama a kan sukari.

Busar da gasara ya samo asali ne a shekarar yunwa, lokacin da olonkar gero ɗaya, wato gwangwanin awonmu, ta zama abin ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Mma ba ta yarda ko cokali ya lalace ba, duk abin da ya rage sai ta baza a tire ta kai rana, ta marmasa, ta tankaɗe, ta ajiye. Yunwa ta wuce, dabara ta zauna. Direbobi masu tafiya arewa suka fara cewa a ƙulla musu. Daga nan samarin da suka tsallaka Turai suka shiga rubuto wa iyayensu wasiƙa, gaisuwa layi biyu, sauran duk roƙon garin Mma. To a nan ne leda ta shigo, wadda mu a nan muke ce wa roba. Mu shiga ɗaki da rana tsaka mu rufe ƙofa da taga don kada iska ta kaɗa wutar kyandir, a naɗe bakin ledar a kan tsohon zarton yanka ƙarfe, a ja shi a hankali ta gefen wutar har ya manne. In ka yi sauri bai kama ba, in ka yi nawa ya huje. Har yau akwai tabon kyandir a babban yatsana na dama, kuma ina ganin ya fi hoton doguwar matar nan cancantar shiga tarihi.

Doka ɗaya ce Mma ba ta wasa da ita: ba a rufe gari sai ta taɓa shi. Ta cusa hannu har gwiwar hannu cikin kwano ta ji ko ƙasan yana da sanyi. Ta damƙi garin ta matse ta buɗe, in ya riƙe shatin yatsunta a mayar rana. In ya zube kamar yashi sai ta murza kaɗan kusa da kunne tana sauraro, idonta a rufe. Mukan yi dariya a ɓoye, mu ce tana jiran gari ya yi mata magana. Takan ce, "Tuwo in ya lalace mai dafa shi yana nan, ana iya zaginsa. Abin da ke cikin roba kuwa shi kaɗai yake tafiya, ba ni a wurin balle in ba da haƙuri." Ina jin wannan magana kullum, amma ta kunne ɗaya take shiga. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na iya komai a ganina, kuma na ƙosa a daina kirana yarinyar Mma.

Shekarar da abin ya faru, aikin Hajji ya faɗo cikin damina. Maniyyatan Nima da Maamobi har da Kotobabi suka yi ta zuwa suna cewa a yi musu guzuri, domin waɗanda suka je bara sun dawo suna yabon garin. A cikinsu akwai Kaka Adisa, maƙwabciyarmu. Tsohuwa ce tukuf, babu haƙori ko ɗaya a bakinta, cikinta kuma ba ya karɓar komai sai koko. Tun kafin a haife ni take aiko da ƙaramin kwanonta mai murfi kowace safiya. Ɗanta, Baba Isaka tela, ya yi shekaru yana lallashinta ta je ta sauke farali, ita kuwa amsarta ɗaya ce, me za ta ci a can? Garin Mma ne ya sa ta yarda. Aka lissafa mata leda ashirin, kowace leda kwana biyu, daidai da kwanakin tafiya. Ranar da ta zo da kanta tana dogara sanda ta same ni ina shanya, ta ce, "Jikalle, ke za ki kai ni Makka, ba jirgi ba." Na yi dariya na ce ta sayo mini zobe.

Ana cikin aikin sai aka aiko wa Mma daga Kumasi cewa ƙaninta ya rasu. Ta tsaya a tsakar gida da mayafinta ta dubi tirarrukan, ta dube ni. Ta ce, "Kin ga yadda nake yi. Ki yi haka." Karon farko ke nan da ta bar wa wani hannu garinta. Na ji kaina ya yi girma.

Kwana huɗu rana ta ba mu haɗin kai, muka rufe mafi yawa. Sannan hadari ya taso daga teku ya zauna a kan Akra ya ƙi tafiya. Ruwan nan na wata na shida, wanda ba ya zuba ya gama, sai yayyafi da lumshi, gota ta cika tana ruri, tufafi su kwana uku a igiya ba su bushe ba. Saura tire uku, kuma an ce maniyyata su tattara su koma sansani kusa da filin jirgi jibi. Sai in fitar da tire in shigar, in fitar in shigar. Na matse garin, ya riƙe shatin yatsuna kamar yana yi mini gwalo. Daga ƙarshe na yi abin da na ɗauka wayo ne. Na hura gawayi a kurfoti, murhun ƙarfen nan, na ɗora tiren a sama ina juyawa har garin ya yi zafi ya warware. Na matse, ya zube. Na murza a kunne, na ji abin da nake so in ji. Ban jira ya huce ba, ban cusa hannu ƙasa ba. Muka rufe ƙofa, muka kunna kyandir, muka liƙe leda arba'in da ɗuminsu.

Washegari da na ɗauko su sai na ga gumi a jikin ledar ta ciki, ƙananan ɗigo kamar raɓa. A nan ne Allah ya ba ni dama ta biyu, na ƙi karɓa. Da na yayyage su a lokacin, iyakarta wasu su tafi da guzuri ragagge. Maimakon haka na ɗauki kowace leda na girgiza har garin ya shanye ɗigon, ta koma fes kamar 'yan uwanta. Sannan na cakuɗa su cikin sauran, wai don kada su taru a hannun mutum ɗaya. Na fi jin kunyar wannan cakuɗawa fiye da komai, domin ita ce shaidar cewa na san abin da nake yi. Guda ɗaya kawai na zare na tura ƙasan akwatin kayana, in ga abin da za ta zama.

Mma ta dawo ranar da ake raba kaya, idonta jawur da kuka da gajiyar hanya. Ta ɗaga leda biyu uku ta duba a haske. Ta ce, "Duk ya bushe?"

Na ce, "Ya bushe, Mma."

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Ta shige ɗaki ta kwanta.

Mutanen yanzu ba za su gane irin zaman da maniyyata ke yi a sansani ba. Babu wanda ya san ranar tashi, ana iya yin mako ana jira, da tabarmi da buta da 'yan rakiya. Wannan jira shi ya zame mini azaba, domin kullum ina gaya wa kaina akwai sauran lokaci. Da safe kafin in fita wajen tukunya sai in buɗe akwati in leƙa. Rana ta farko lafiya. Ta biyu lafiya, har na fara cewa tsorona ne kawai. Ta uku garin ya fara dunƙulewa a kusurwa. Na kasa cin abinci, duk jirgin da ya wuce ta saman Nima sai in tsaya da ludayi a hannu ina bin sa da ido, har wani direba ya ce ko saurayina matuƙi ne. Sau biyu na je bakin ƙofar Mma in faɗa, in tarar da masu ta'aziyya, in juyo ina jin daɗin samun uzuri. Rana ta shida na ɗaga ledar na ga ta ɗan kumbura, da tabo toka-toka mai gashi a gefe. Na huda ta da allura na shinshina. Ba tsamin koko ba ne, warin tsohuwar rijiya ne.

Na same ta tana tsince gero. Na ajiye ledar a gabanta, na durƙusa, na faɗi komai, da kurfotin da girgizawar da cakuɗawar. Na jira mari. Da ta mare ni da na samu sauƙi. Ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta ce, "Guda nawa?" Na ce arba'in, ban da ɗaya. Ta ce, "Kina iya gane su?" Na ce a'a. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ɗauko kyandir da zarto da sababbin roba. Ɗauko babban kwano."

Muka hau motar haya ta trotro. Da muka isa sansani sai muka ga rumfa ɗaya fayau, an naɗe tabarmi. Jirgin farko ya tashi jiya da la'asar, kuma Kaka Adisa da Baba Isaka suna ciki. Mma kuwa ta wuce tsakiyar jama'a, wannan mata da ba ta son a ji muryarta, ta ce da ƙarfi, "Jama'a, duk mai garina ya kawo. Akwai wanda bai bushe ba a ciki. Laifin gidana ne." Ba ta ce laifin wane ba. Aka yi ta guna-guni, wata Hajiya daga Maamobi ta ce da ma ta faɗa, abin roba ba abin yarda ba ne. Mma ta shimfiɗa mayafinta ta zauna a ƙasa, ta yage kowace leda, ta matse, ta shinshina, ta saurara. Mai kyau ta miƙo mini in zuba a sabuwa in liƙe, mutane biyu suna kare mini iska da zani. Marar kyau ta juye a kwano a gaban kowa. Mun samu ashirin da 'yan kai. Sauran sun tashi, sun riga mu. Kafin mu tafi ta zaɓi leda biyar masu kyau ta damƙa wa wata mata, ta roƙe ta don Allah ta nemi Kaka Adisa a can ta ba ta.

Daga nan sai jira, kuma babu waya a hannun kowa balle a tambaya. Na yi sallar layya ban san ɗanɗanon naman ba. Kwanon Kaka mai murfi yana nan a kan kantarmu, ta bar shi ta ce a ajiye mata. Kullum sai na wanke shi ko da yake ba a ci komai a ciki ba. Ina ta lissafi a raina: ko ba ta samu ko ɗaya ba, ko ta samu goma, ko ta sha ba ta lura ba tunda idonta ya yi rauni. Mma ba ta sake tayar da maganar ba. Abin da ta yi kawai, ta sayo zare kala-kala, duk garin da aka shanya rana ɗaya a saka masa guntun zare iri ɗaya a bakin leda kafin a liƙe. Kuma daga kowane rukuni a cire leda ɗaya a ɗora a kan kanta, ta yi kwana bakwai ana kallonta kafin a sayar da 'yan uwanta.

Alhazan farko da suka sauka su suka kawo labarin. Kaka Adisa ta yi Arfa, ta yi ɗawafi a kan kujera, ta kammala komai, sannan ta kwanta ciwo, ta rasu a Makka ana saura kwana biyu su taso. Unguwa ta ɗauka da cewa ta dace, wa ya kai ta sa'a. Ni kuwa na shiga banɗaki na toshe bakina da zani.

Sai da aka yi addu'ar bakwai aka watse na iya zuwa shagon Baba Isaka. Yana zaune a gaban kekensa bai ɗinka komai. Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na tsaya ina murza gefen mayafi. Ya ce, "Na ji abin da Mma ta yi a sansani. Tambaya kike so ki yi, ko?" Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Ba garinki ya kashe ta ba, 'yata. Ni nake dama mata da hannuna. Uku na tarar sun yi fumfuna, na zubar, ko kusa da bakinta ba su je ba. Ban ma gaya mata ba."

Na yi hamdala. Da na san abin da zai biyo baya da na yi godiya na tafi. Amma na ce, "To da ya ƙare fa, Baba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kwana huɗu ta yi tana tambaya. Na zaga wajen mutanenmu, kowa nasa ya ƙare. Matar da Mma ta aiko ba mu haɗu ba sai a filin jirgi, ranar dawowa. Na sayi wani gari a kasuwa na dama mata, ta ɗanɗana ta kau da kai. Ruwa kawai take karɓa." Sannan ya buɗe aljihun kekensa ya ciro wani ƙaramin zobe na azurfa a ƙulle cikin tsumma. Ya ce, "Tun a Madina ta sa na saya. Ta ce in ba yarinyar da ke shanya, in ce mata, 'Kokonki ne ya kawo ni nan, Allah ya sa albarka a hannunki.'"

Ban san yadda na kai gida ba. Na nuna wa Mma zoben, na ce ba zan iya sa shi ba, na kuma roƙe ta ta cire ni daga aikin gari ta mayar da ni wanke tukunya. Ta karɓi hannuna ta zura mini shi da kanta. Ta ce, "Daga yau ke za ki riƙa taɓawa. Duk gidan nan ke kaɗai kika san abin da ake ji wa tsoro."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina cusa hannu a gari. A gabana aka sayi injin liƙe leda na taka da ƙafa, aka buga suna a jikin leda, aka gina ɗakin busarwa da ba ruwansa da hadari, zare ya koma tambarin tawada, tambari ya koma lambar inji. Bayan rasuwar Mma 'ya'yanta suka mayar da aikin can wajen birni, yau jikokinta ke riƙe da shi, da motoci da ma'aikata masu fararen riguna. Ina alfahari da su, ba na musu. Bara ɗaya daga cikinsu ya zagaya da ni masana'antar, ya nuna mini wani ɗaki mai kantoci cike da leda, ɗaya daga kowane rukuni, ya ce wani ƙwararre ne daga waje ya tsara musu haka. Na ce madalla. Na roƙi a bar ni in sa hannu a garin, ya yi dariya ya ce, "Kaka, an hana. Akwai na'urar da ke auna danshi, ba ta kuskure." Na yarda ba ta kuskure. Ni ma a zancen kurfoti idona bai yi kuskure ba, ya gaya mini gaskiya washegari, ni ce na girgiza ledar. Abin da ke hana ni sakewa shi ne ban san wa zai tsaya a gaban na'urar ba ranar da mota ke jira a waje, ko kuma ya taɓa sanin wata tsohuwa da sunanta.

Jikata ta gaji da shiruna ta ce in ba ta ledar ta dama mana. Na ce ta dakata. Na yage bakin, na zuba kaɗan a tafin hannu, na matse, na buɗe, ya zube ta gefen zoben. Na kai kunne na rufe ido. Ta ce, "Kaka, me kike saurare?" Na ce mata ta ɗora ruwa, wannan ya bushe.